An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Darasin Da Na Koya A Gareji

A makon nan gareji zan kai ku, domin a can na ƙarar da mafi yawan ranakun hutuna cikin watanni ukun da suka wuce, a can kuma na kashe kuɗin da ban yi niyyar kashewa ba, a kan matsalar da daga ƙarshe aka magance ta da guntun waya da ɗigon dalma. Na san da yawa daga cikin masu bibiyar shafin nan suna da mota, ko suna shiga ta haya, ko suna da ɗa ko ƙane da ke koyon kanikanci. Don haka nake ganin labarin ya shafe mu duka.

Motata tsohuwa ce 'yar Japan, irin waɗanda suka gama yi wa Turawa bauta kafin su iso mana ta Kwatano. Tun cikin hunturu na lura ta fara shan mai fiye da ƙa'ida. Man da ke kai ni aiki ya dawo da ni har tsawon mako guda sai ya koma ƙarewa cikin kwana biyar. Idan na tsaya a bayanta tana aiki, warin ɗanyen fetur nake ji, bakin salansa kuma ya yi baƙi ƙirin. Jefi-jefi wutar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji takan kama a gaban sitiyari, fanka ta hau juyi babu ƙaƙƙautawa, bayan kwana biyu kuma komai ya lafa kamar ba a yi ba. Da a ce kafin 29 ga Mayun 2023 ne, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, wataƙila da na kau da kai. Amma tun da aka janye tallafin mai, kowace lita da ta salwanta a salansa daga cefanen gida aka cire ta.

Bakaniken da na fara kai wa dattijo ne da na daɗe da sani, wanda ya koyi aiki a zamanin Fijo 504, lokacin da ake haɗa ta a Kaduna ana rububinta. Mutum ne da kunnensa kaɗai kan gaya masa inda inji ke ciwo. Ya kwance fulogai, ya nuna mini yadda suka yi baƙi, ya ce su ne. Muka sayi sababbi, aka kuma wanke nozul. Motar ta ɗan washe na 'yan kwanaki, sannan ta koma gidan jiya, sababbin fulogan ma suka bi sahun tsofaffin.

Daga nan aka ba ni shawarar in je a sa mata kwamfuta. A yau da wuya ka shiga babban gareji ka rasa mai 'yar na'urar nan da ake soka wa a wani soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tsari ne da ake kira OBD-II, wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun 1996, shi ya sa kusan duk motocin da muke hawa yanzu suna da shi. Saurayin ya soka na'urarsa, lamba ta fito: P0118. Bai ko buɗe bonet ba ya ce, "Alhaji, sensar zafi ce ta mutu." Aka sayo sabuwa aka ɗaura, aka goge lambar. Mako guda cur motar tana lafiya, har na fara yi wa abokai tallan yaron. A mako na biyu warin fetur ya dawo.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wata Alhamis cikin watan Maris, da azahar, ina tsakiyar cunkoso. Tururi na gani yana tasowa daga gefen bonet, alhali allurar zafi ko rabi ba ta kai ba. Na yi maza na kashe motar, wasu bayin Allah suka taya ni tura ta gefen titi. An yi sa'a gaskit bai ƙone ba, da tuni zancen ya koma na sauke inji. A wurin ne masu ba da shawara suka yi mini caa. Wannan ya ce ƙasarmu ƙasar zafi ce, a cire tamostat a jefar. Wancan ya ce a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murza makulli. Na uku ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta lalace, a sayo wata, a farashin da ya kusa lashe albashina na wata.

Wani abokin aikina ne ya hana ni yin ko ɗaya. Ya kai ni wurin wani matashi mai gyaran wayar mota, wanda rumfarsa ba ta da abin burgewa in ban da tsabta. Na zayyana masa komai, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baba, ka bar mini ita ta kwana a nan. Da sanyin safiya nake son in fara yi mata tambayoyi." Kafin in kawo abin da ya yi washegari, bari in yi bayanin yadda abin yake aiki, kamar yadda ya koya mini kuma na ƙara bincikawa daga baya.

Inji mai sanyi ya fi inji mai zafi buƙatar mai, saboda fetur ba ya saurin zama tururi a cikin ƙarfe mai sanyi, wani kaso nasa kan lafe a bango bai ƙone ba. Waɗanda suka tuƙa motocin kafireta za su tuna cok, wanda ake ja da safe a ƙara wa inji mai, idan ya ɗumama a mayar. A motocin yanzu ƙwaƙwalwar mota ce ke yin wannan aiki. To amma ƙwaƙwalwa akwati ce a rufe, ba ta gani, ba ta taɓawa. Abin da 'yan aikenta suka faɗa mata da shi take yanke hukunci. Ɗaya daga cikinsu ita ce sensar zafin ruwan inji, 'yar ƙaramar aba da ba ta wuce tsawon yatsa ba, wadda ake ɗaurawa kusa da tamostat, bakinta a nutse cikin ruwan da ke zagaya inji. Da labarin da ta kawo ƙwaƙwalwa ke ƙayyade yawan man da za a fesa, da ƙarfin juyin inji idan mota na tsaye, da lokacin da fanka za ta tashi. A motoci da yawa, har da tawa, allurar da direba ke kallo ma daga wannan labari take motsawa.

Yadda take kai labarin kuwa abu ne mai sauƙi. Wayoyi biyu ne suka haɗa ta da ƙwaƙwalwa, ɗaya ta kawo wuta mai ƙarfin folt 5, ɗaya ta mayar. A cikin sensar akwai wani ɗan ƙwaya mai yi wa wuta turjiya, kuma turjiyarsa tana raguwa ne gwargwadon yadda ya yi zafi. Ana auna turjiyar da ma'aunin da ake kira om. A irin sensar da ta fi yawa a motocinmu, turjiyar takan kai kimanin om 2,500 a digiri 20, ta sauko kusan 1,200 a digiri 40, ta koma ɗan sama da 300 a digiri 80. Wato a wurin ƙwaƙwalwa turjiya mai yawa na nufin sanyi, turjiya kaɗan na nufin zafi. Ga kuma inda gizo ke saƙar: ƙwaƙwalwa ba ta iya bambance turjiyar da ta fito daga sensa da wadda ta fito daga tsatsar soket ko rubabbiyar waya. Jimillar take karantawa.

Washegari da ƙarfe bakwai ina wurin. Bai tayar da motar ba, makulli kawai ya murza, ya soka na'urarsa. Bai tsaya kan lambar laifi ba, ya wuce shafin da ke nuna abin da kowace sensa ke faɗa a daidai lokacin. Ya ce motar da ta kwana a ajiye, ruwan cikinta da iskar da ke kewaye da ita zafinsu ɗaya ne, don haka sensar iska da sensar ruwa dole bakinsu ya zo kusa da juna. Ta iska ta ce digiri 23, ta ruwa ta ce 14. Ya ce, "Ka gani, Baba, akwai mai yi mana ƙarya a cikinsu."

Sai ya duba lagireto ya tabbatar ruwa ya cika, domin sensar da bakinta ke rataye cikin iska ba za ta faɗi gaskiya ba ko da lafiyarta ƙalau. Ya tayar da motar muka jira. Bayan kamar minti ashirin ya ɗauko ma'aunin zafi mai kama da wanda aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona, amma na masu aikin ƙarfe, ya haska gidan tamostat. Ma'aunin ya nuna kusan digiri 90. Na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwa kuwa 40 take nunawa. Daga nan ya kama wayoyin sensar da yatsu biyu ya ɗan girgiza. Nan take lambar ta faɗi zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri, wutar nan mai ruwan ɗorawa ta kama, fanka ta ɗauka da ƙarfi. A gaban idona ya kira matsalar da ta yi wata uku tana wasan ɓuya da ni, ta kuma amsa.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya kashe motar ya zare soket ɗin daga jikin sensar, ya sake murza makulli, ya sa mita a bakin wayar ya ga folt 5 na zuwa. Ya ce wannan shaida ce cewa ƙwaƙwalwa tana aiko da wuta, amma ba ta isa ta wanke wayar ba, domin mita wuta kaɗan take ja, ko da silin waya ɗaya ne ya rage za ta nuna 5. Sai ya lanƙwasa wani guntun waya ya haɗa ramukan soket ɗin biyu. Dalilinsa shi ne, idan aka cire sensa aka haɗa wayoyin kai tsaye, babu sauran turjiya, don haka ya kamata ƙwaƙwalwa ta karanta zafi mafi tsanani da ta sani, wanda a irin wannan mota digiri 140 ne. Na'urar ta nuna 44. Ya matsa baya kamar taƙi guda, ya haɗa wayoyin a can inda suke da lafiya, sai ga 140 ta fito. Da wannan gwaji ya wanke ƙwaƙwalwa, ya wanke doguwar wayar da ta taho daga gare ta, ya killace laifin a ɗan tsakanin nan da ke dab da soket.

Ya yanka robar wurin. Jan ƙarfen da ke ciki ya koma kore, yana marmashewa, sili biyu ko uku ne kaɗai suka rage a haɗe. Wani tiyo da ke sama da wurin ya daɗe yana ɗigar da ruwa a kai, ga kuma wankin inji da ake yi mini da injin feshi mai ƙarfi, wanda ni da kaina nake biyan kuɗinsa ina jin daɗin ganin injin yana ƙyalli.

Ya tambaye ni ko tsohuwar sensar tana nan. Na ɗauko ta daga aljihun mota inda na jefa ta. Ya auna ta a hannu, mita ta nuna wajen om 1,700, daidai da zafin hantsin ranar. Ya aiki yaronsa wurin mai shayi ya karɓo tafasasshen ruwa a kofi, ya tsoma bakinta. Muna kallo lambar ta yi ta sauka a hankali ba tare da tsalle ba, har ta dawo ƙasa da 300. Lafiyarta ƙalau. An tsige ta daga aiki ne a kan laifin da ba nata ba, ni kuma na biya kuɗin tsigewar.

Idan mai karatu ya ɗan yi lissafi da ni, duk abin da ya ɗaure mini kai zai warware. Rubabbiyar wayar ta ƙara turjiyar kusan om 1,000. Da safe, lokacin da sensar kanta ke da sama da 2,000, ƙarin bai sauya labarin sosai ba, shi ya sa motar ke tashi lafiya. Amma idan inji ya kai digiri 90, turjiyar sensar ba ta wuce om 250 ba. A haɗa da 1,000, an sami 1,250, wanda a wurin ƙwaƙwalwa digiri 40 ne. Saboda haka take ta ƙara mai kamar direban da ya manta cok a jawe, ta hana fanka tashi tunda a saninta inji bai ko ɗumama ba, ta kuma bar allura a ƙasa. A kan buɗaɗɗen titi iskar gudu tana sanyaya lagireto, asiri ya rufu. A cikin cunkoso babu iska babu fanka, sai ruwa ya tafasa. Idan kuwa gargada ta raba silin wayar gaba ɗaya, nan ne ƙwaƙwalwa ke gane cewa labarin ba mai yiwuwa ba ne, ta kunna wutar gargaɗi, ta ajiye P0118, ta saki fanka don kare inji. Makon lafiyar da na samu bayan canza sensa kuwa, zarewa da mayar da soket ne suka ɗan matse silin wayar na wani lokaci.

Darasin da na fito da shi ke nan: lambar da kwamfuta ta nuna unguwar da laifi yake take faɗa, ba ta nuna gidan mai laifin. P0118 na nufin ƙarfin wutar da ƙwaƙwalwa ke gani a wannan layi ya yi sama da yawa, abin da tsinkewar waya, ko sakin soket, ko mutuwar sensa duk ke iya jawowa. P0117 kishiyarta ce, ƙarfin wutar ya yi ƙasa da yawa, galibi saboda wayar ta goge ta taɓa jikin ƙarfe ko ta haɗu da 'yar'uwarta. P0115 matsala ce a layin gaba ɗaya, P0116 kuma labarin ne bai dace da hankali ba, P0119 labari ne mai zuwa yana yankewa. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce a je kasuwa a sayo sensa. Kowace cewa take yi a ɗauko mita a auna.

Game da shawarar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu, na gode wa Allah da ban bi ta ba. An ƙera inji ne ya yi aiki a tsakanin digiri 80 da ɗoriya zuwa kusan 100, kuma tamostat ce ke tsare ruwa har sai an kai wannan zafi. Ranar da ta fi kowace zafi a Sakkwato ko Maiduguri ba ta kai digiri 50 ba, ke nan har a ƙasarmu inji yana buƙatar ɗumama. Idan aka cire ta, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safe da lokacin hunturu, sensa ta kai rahoton sanyi, wannan karon da gaskiyarta, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara mai. Rarar fetur ɗin tana wanke baƙin man da ke bangon silinda, tana tsinka wanda ke cikin inji, tana kuma lalata matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Da na yarda, tururin zai daina fitowa, in ɗauka an gyara, rubabbiyar wayar kuma ta ci gaba da zuƙe mini aljihu har illa masha Allahu. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Ban rubuta wannan don in ci zarafin kanikawa ba. Dattijon da na fara zuwa wurinsa gwani ne a motocin da ya koya, zamani ne ya sauya masa mota a hannu babu wanda ya sake koyar da shi. Saurayi mai kwamfuta kuma ya sayi na'ura ne bai sami wanda zai nuna masa abin da ke bayan lambobin ba. Mu masu motoci ma muna da namu kason. Muna iya biyan dubbai a kan sabon ƙarfe ba tare da ciniki ba, amma idan mai gyara ya ce a biya shi ladan awa biyu da ya yi yana awo, sai mu ce ai bai canza komai ba. Wanda ya saba ganin haka, me zai hana shi koyon canje-canje ya bar bincike? Ina ganin ƙungiyoyin kanikawa da kwalejojin fasaha da hukumomin koyar da sana'a suna da aiki a nan. Kwas na 'yan makonni kan amfani da mita da karanta taswirar wayoyi zai sauya rayuwar dubban matasa, kuma mitar kanta ba ta kai kuɗin cika tanki ɗaya ba.

Ga mai mota kuwa, tambayoyi uku nake ba shi shawarar ya riƙa yi kafin ya ciro kuɗi. Wace lamba ce ta fito, a rubuta mini ita kafin a goge? Me aka auna da ya tabbatar wannan abin ne ya lalace? Ina tsohon da aka cire, a gwada shi a gabana? Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan ba. Sannan a kiyaye buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan ciki a matse yake, yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da an buɗe kuma fuska zai nufa. A kuma yi hattara da feshin ruwa mai ƙarfi a kan soket-soket na inji.

Matashin ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya samo soket mai kyau, ya haɗa da dalma ya rufe da roba, aka canza tiyon da ke ɗiga. Muka tayar da mota muna kallon na'ura: 60, 75, 88, allura ta hau ta tsaya a tsakiya, da aka haura 90 da 'yan kai fanka ta tashi da kanta, ta yi aikinta ta tsaya. Da na tambaye shi kuɗinsa, abin da ya faɗa bai kai na fulogan da na saya a banza ba. Na ninka masa, ya ce ya yi yawa, na ce kuɗin awon ne na haɗa. Tsohuwar sensar tana nan a aljihun motar, mai kuma ya koma kai ni mako guda. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.